Gidan Maimon a Kan Kafaɗu

A ƙauyen Tebat Lama namiji ba ya gina gida, sai dai ya auri mai gida. Baharom ya san da haka tun ranar da ya hau matakalar gidan su Maimon, amaryarsa, riƙe da akwati ɗaya, surukarsa ta nuna masa kusurwar da zai riƙa rataya rigarsa. Shekaru suka tura, gemunsa ya soma furfura, ya mallaki manyan motoci masu kwasar roba da kwakwar manja daga gonaki zuwa masana'anta, ya je ya sauke farali ya dawo. Amma duk ranar da dangin Maimon suka zauna a barandar gidan don maganar ƙasa, shi aikinsa kafa rumfa da fiɗar akuya. Ba wanda ya raina shi. Haka kowane mijin 'yar gari yake, kuma yawancinsu ko a jikinsu. Baharom ne dai abin yake ɗan sosa wa rai, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ba.

Gidan kuwa ya isa a kira shi gida. Kakar Maimon aka gina wa shi, da baƙin katakon dutse irin wanda gara take ɗanɗanawa ta haƙura. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinsa, duk a tsarge yake da turakun itace. Yana tsaye a kan dogayen ƙafafu, kowace ƙafa a ɗore kawai bisa dutsenta, kaji suna kiwo a ƙarƙashi. A cikinsa aka haifi mahaifiyar Maimon, aka haifi Maimon, aka haifi Norlela, 'yarsu tilo, wadda take aikin jinya a birnin Seremban. Kowa ya san bayan Maimon gidan na Norlela ne, bayan Norlela na 'yar da za ta haifa.

Baharom ba ɓarawo ba ne, sai dai mutum ne mai yawan gobe. Shekarar da farashin roba ya faɗi sai ya ture harajin tarayya gefe, ya ce in abubuwa suka buɗe ya biya. Abubuwa suka buɗe, ya ga wata mota ta gwanjo ya saya. Takardu suka yi ta zuwa, yana tura su ƙarƙashin kujerar direba. Aka kira shi kotu, ya yi kunnen uwar shegu, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Sai da aka zo aka tafi da motocinsa biyu daga bakin masana'anta, aka kuma shaida masa saura fili da gini, sannan ido ya raina fata.

Maimakon ya nemi lauya, sai ya nufi shagon kofi na bakin titi, wurin Atan. Atan tsohon masinjan kotu ne. Ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan, saboda haka a Tebat Lama in ya ce doka ta ce, to ta ce. Ya saurari Baharom yana juya cokali a kofi, sannan ya tambaye shi wane adireshi ya rubuta a takardun kamfani. Baharom ya ce na gida mana, tunda a filin yake ajiye motoci.

"To ka gama da gidan matarka, Alhaji," in ji Atan. "Wannan doka daga babban birni Kuala Lumpur take zuwa, ba ta san kakar kowa ba. Abin da suka tarar a kan filin nan sai sun rubuta, har kaji."

Baharom ya ajiye kofinsa. Atan ya bar shi ya ɗan jiƙu, kana ya matso ya tuna masa da gonar robar nan ta hayin rafi, wadda Baharom ya saya a hannun wani tsohon Basine da ya koma birni wurin 'ya'yansa. Ba ƙasar gado ba ce, ba ta cikin takardun kamfani, wa ya san da ita? Fili ba ya tashi, in ji Atan, amma gida yana tashi. A tara maza a ɗauke shi a kai hayi, in ma'aikata sun zo su tarar da ciyawa.

Ya sami Maimon a bayan gida tana kankare kwakwa. Ta ji maganar har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba, sannan ta ce gidan nan bai taɓa sauka daga duwatsunsa ba, a je a ji ta bakin Kawu Sudin. Kawu Sudin ƙanen mahaifiyarta ne, shi ne babba a dangi, kuma duk maganar ƙasa a hannunsa take ƙarewa. Tsohon ya ce a'a tun kafin a gama yi masa bayani. Ya ce ƙasar mata ce, ko Turawa sun zo sun tafi ba su taɓa ta ba, a zauna a inda ake, a nemi lauya na gaskiya mai ofis, ba mai teburin kofi ba. Baharom ya ce kafin lauya ya gama shan ruwa an garƙame gidan. Ya ƙara da cewa zamani ya canja, Kawu. A gaban mutane ya faɗa, kuma da ɗan ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba.

Amma tunda gidan na Maimon ne, ba na Kawu ba, ita ce da ta cewa. Kwana da kwanaki Baharom yana bin ta da magana. Daga ƙarshe ya ce mata tun da suka yi aure bai taɓa roƙonta komai ba.

"Shi ya sa zan yarda," ta ce. "Amma Abang, don gidan kake yi, ko?" Abang take kiransa, yadda matan garin suke kiran mazansu.

Ya ce don gidan ne, don Norlela ne. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Rabin gaskiyar dai ya faɗa.

Ranar ɗaukar gida rana ce ta biki a garinmu, ko da dalilin ɗaukar ba na daɗi ba ne. Aka fitar da kaya, aka kwance ɗakin girki daban, aka sauke matakala. Aka zura dogayen gorori a ƙarƙashin daɓen, a tsaye da a kwance, aka ɗaɗɗaure da igiya. Mata suka ɗora tukwanen shinkafa da miyar madarar kwakwa mai barkono. Maza suka shiga ƙarƙashi, kowa ya naɗe tawul a kafaɗa, masu tumbi ana yi musu tsiya wai su koma tsakiya inda ba a ganin wanda yake ha'inci. Mijin mai gida shi yake kiran salati, don haka Baharom ya kira, suka amsa, gidan ya yi wani ƙara kamar tsohuwa ta miƙe daga tabarma, ya tashi. Rani ne, rafin bai kai gwiwa ba. Suka ratsa ana ta ihu da dariya, aka huta sau biyu, kafin la'asar gida yana tsaye a cikin itatuwan roba. Kawu Sudin bai zo ba. Ya ce ƙafarsa tana ciwo.

Washegari da safe Baharom ya sauko daga matakala ba takalmi, ya taka ƙasa, ya tsaya. Ƙasarsa ce. Sunansa ne a kanta, ba na surukarsa ba. Wani daɗi ya cika masa ƙirji har sai da ya ji kunyar kansa, ya waiwaya ko Maimon tana kallo. A satin ya sayo siminti. Ya ce wurin yana da laushi, duwatsu za su nutse, don haka ya haƙa rami a ƙarƙashin kowace ƙafa, ya dasa ta a ciki, ya zuba kankare ya shafe. Maimon ta ce kakanninta ba sa binne ƙafar gida, gida yana son ya numfasa. Ya ce wannan kuma maganar da ce. A ransa kuwa abin da yake so shi ne kada wani ya sake ɗaga gidan nan daga inda ya ajiye shi.

Ba a yi wata biyu ba ma'aikatan haraji suka zo. Ba su zo da tsawa ba. Wata mata ce ta jagorance su, mai ladabi, har ta cire takalmi kafin ta hau baranda. Sun fara da filin Maimon, suka kafa allo a kai. Daga nan suka buɗe taswira, suka bi 'yar gadar ƙafa suka tsallako rafi kai tsaye, ba tare da sun tambayi kowa hanya ba. Sunan Baharom yana nan ɓaro-ɓaro a ofishin filaye, ina gonar za ta ɓuya? Abin da ya ba su mamaki kawai shi ne tarar da gida a inda taswira ta ce itatuwa. Matar ta zagaya ta duba ƙafafun da kankaren, ta rubuta. Aka ba su lokaci su kwashe tufafi da tukwane, aka sa kwaɗo.

Suka koma ɗakin baya a gidan Rosnah, ƙanwar Maimon. Wato mutumin da yake ƙyashin zama a filin matarsa ya koma zama a filin ƙanwar matarsa, yana jiran yaran gida su gama wanka kafin ya shiga. Da Maimon ta zage shi, da ya samu sauƙi. Ba ta yi ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, tana kiransa Abang kamar kullum. Duk Juma'a da hantsi sai ta ɗauki tsintsiya ta tsallaka rafi, ta share ƙarƙashin gidan da ba ta da ikon shiga, ta cire yanar gizo daga jikin tagogi iya inda hannunta ya kai, ta dawo. Bai taɓa bin ta ba. Yakan tafi masallaci da wuri ranar, don kada ya ga dawowarta.

Kawu Sudin ne ya tara dangi suka ɗauki lauya, wata 'yar Indiya a Seremban mai suna Devaki, aka shigar da ƙara a Babbar Kotu da sunan Maimon. A zaman farko ta tambayi wa ya ba da shawarar ɗauke gidan. Da aka faɗa mata sai ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. Da aka zo kan maganar siminti kuwa sai ta ajiye alƙalami. Ta ce maganar fili tana da ƙarfi, maganar gida za ta yi iya ƙoƙarinta. Baharom ya ji kashin farko, ya ƙi jin na biyu.

Shari'a ta yi ta jan ƙafa, damina ta zo ta wuce har sau uku. A tsakanin nan Norlela ta haifi 'ya mace aka sa mata Suriani. Bisa al'ada a gidan kaka ake wankan jego, sai aka yi shi a wani ɗan ɗaki a hawa na huɗu a Seremban, Maimon tana dafa ruwan ganye a kan risho. Yarinya ta yi zama, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, har bakinta ya buɗe, ba ta taɓa taka daɓen da yake jiranta ba.

Ranar hukunci Baharom ya sa fararen kayansa na sallah. Suka zauna a benci ɗaya, shi da Maimon da Norlela da Kawu Sudin, dangi sun cika baya. Mai shari'a ya yi ta karatu da murya ɗaya ba hawa ba sauka, yana ambaton dokoki da shekarunsu, har wasu tsofaffi suka fara gyangyaɗi. Can sai ya iso wurin. Ya ce filin Maimon ƙasar gado ce ta matan danginta, miji ba shi da ko taki ɗaya a ciki, don haka ba za a karɓi harajin miji daga dukiyar da ba tasa ba. A cire allon, a mayar mata da filinta da duk abin da yake kansa. Kawu Sudin ya ce alhamdulillahi a bayyane, har ɗan sandan kotu ya harare shi. Baharom ya ji hawaye sun cika masa ido, ya kamo hannun Norlela ya matse.

Mai shari'a ya juya shafi. Ya ce gonar hayin rafi ta Baharom ce ba gardama, kamun da aka yi mata yana kan doka. Game da gidan, lauya ta ce na Maimon ne ko ina yake tsaye. Da an ɗora shi ne kawai a kan duwatsu kamar yadda aka saba, in ji shi, da kotu ta duba wannan magana. Amma an dasa ƙafafunsa cikin kankare, ya zama ɓangaren gonar, kuma wanda ya dasa ya yi ne da yardar mai gidan, don kauce wa hukuma. Gida zai bi gona. Sannan ya ɗaga kai daga takarda, karo na farko tun safe, ya ce abin takaici ne, domin da an bar gidan a inda yake, babu hannun da ya isa ya taɓa shi.

A farfajiyar kotu mutane suka yi ta taya Kawu Sudin murna. Dattawan wasu garuruwa sun zo musamman, domin hukuncin ya shafi ƙasar matansu su ma, washegari har jarida ta buga an yi nasara. Tsohon yana karɓar gaisuwa yana kallon ƙasa. Bai ce wa Baharom ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, ga shi kuwa yana da hakkin faɗa. Lauya Devaki ta ce ɗaukaka ƙara ɓata lokaci ne. A mota, da suka kusa garin Kuala Pilah, Maimon ta ce wa Norlela ta tsaya a kasuwa, babu kifi a gida.

Aka yi gwanjon gonar. Wani attajiri mai masaukin baƙi a kan tsauni ya saya, irin masu tara tsofaffin gidaje su jera don 'yan yawon buɗe ido su kwana su ɗauki hoto. Gonar ba ta dame shi ba, gidan yake so. Ya turo ɗan kwangila, ɗan kwangila ya zo ya ga mota ba ta isa hayi, sai 'yar gadar ƙafa. Ya shiga shagon kofi ya ce zai biya maza su ɗauko masa gidan zuwa bakin titi, inda injin ɗaga kaya zai ɗora shi a tirela. Ba wanda ya yarda. A garinmu ba a ɗaukar gida don lada, balle a ɗauki gidan Maimon a miƙa wa baƙo. Ɗan kwangila ya ce to shi ke nan, shi ba shi da watannin da zai zauna yana zare turaku ɗaya-ɗaya. Zai kawo zarto mai inji, a yanke ƙafafun daga saman kankare, a raba jikin gunduwa-gunduwa, a tsallaka da shi a hannu, a can a haɗa da ƙusa.

Da labari ya kai wa Maimon, sai ta yafa mayafi ta je ta same shi da kanta. Ta ce ya ba ta mako biyu, za a kai masa gidan bakin titi a tsaye, ba tsaga ba yanka, kuma ba a son ladansa. Daga nan ta bi gari gida-gida, ba maza take roƙo ba, matansu. Ta ce gara ta san yana can wani wuri da ransa, da ta ji kukan zarto a jikinsa. Ba wadda ta iya ce mata a'a.

Fasa kankaren kuwa Baharom bai bar wa kowa ba. Ya karɓi izini, ya ɗauki guduma da kurfi, kullum daga hantsi har rana ta yi sanyi yana durƙushe a ƙarƙashin gidan yana ɓantara kaɗan-kaɗan don kada ya ji wa katakon ciwo. Ya zuba simintin da kyau, wannan kam ba a ce bai iya aiki ba. Tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Da ya tono ƙafar farko sai ya ga gindinta ya yi laushi, danshi ya fara cinta a cikin ramin, itacen da ya fi shekara ɗari bai san ruɓa ba. Ya zauna a ƙasa ya riƙe gudumar, ya daɗe yana kallon wurin. Nadama ta taso masa, ba kuma wanda zai faɗa wa.

Ranar ta zo. Mata suka dafa abinci kamar wancan karon, maza suka shiga ƙarƙashi, sai dai ba tsiya ba dariya. Wannan karon Kawu Sudin ya zo, yana dogara sanda a gefe. Baharom ya tsaya yana jiran wani ya kira salati, tunda gidan ba shi da mai gida a cikinsu, sai ya ga duk shi ake kallo. Ya kira. Suka ɗaga, suka gangara rafi, ruwa har cinya, suka haura da ƙyar ana nishi.

Daga rafi zuwa titi hanya ɗaya ce mai faɗin da gida zai wuce, ta tsakiyar filin Maimon. Ba wanda ya shirya, amma nan ne gajiya ta saba kama mutane, nan ne kuma ƙasa take a baje. Wani ya ce a huta. Suka sauke. Sai da suka fito daga ƙarƙashi suna sharce gumi suka ga inda suka ajiye shi: daidai mazauninsa, bishiyar duriyan mai 'ya'ya masu ƙaya a dama, rijiya a baya, inuwarsa ta faɗa inda ta saba faɗawa. Wata tsohuwa ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta.

Hutu ya yi tsawo. An sha ruwa, an sake sha, ba wanda ya koma ƙarƙashi. Can bakin titi ɗan kwangila yana jingine da tirela yana duba agogo. Atan, wanda tun ranar hukunci bai yarda sun haɗa ido da Baharom ba, ya lallaɓo ya tsaya a bayansa yana raɗa. Ya ce ai kotu da bakinta ta ce duk abin da yake kan filin nan ba mai taɓawa. Ga shi a kai. Kowa ya watse ya tafi gida, a ga wanda zai ɗaga.

Baharom ya san shawarar wa yake ji. Duk da haka zuciyarsa ta yi tsalle, domin mai nutsewa ba ya zaɓen abin kamawa. Ya dubi mazan, ya ga ko ɗaya ba zai ƙi ba. Ya taka zuwa gindin duriyan inda Maimon take tsaye, Suriani tana riƙe da zanenta.

"Maimon, ga shi ya dawo," ya ce a hankali. "Ki ce a bar shi. In gidan yari ne ni zan tafi, wallahi da daɗin rai zan tafi."

Ta dube shi, ba fushi a idonta, sai gajiya.

"An sake ba ka wata dabarar ke nan, Abang? Ni na ce wa mutumin nan za a kai masa, da bakina na faɗa. Ranar da yake nawa na bari aka fitar da shi, ban hana ba. Yau da ba nawa ba ne, ba zan riƙe shi da wayo ba. Mahaifiyata ba ta kwana a gidan da ake ɓoyo ba."

 Ta ce abu ɗaya take so, tunda yana tsaye a ƙasarsu: ya ɗaga yarinyar nan ya sa ta a ciki. Babu matakala, don haka ya ɗauki Suriani ya miƙa ta ta ƙofar baranda, ya tsaya yana riƙe da bakin daɓen. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru cikin duhun ɗakin da ba kowa ba komai. Sai ta taka, ta ji katako ya amsa, ta sake takawa da ƙarfi. Ta kwasa da gudu daga wannan bango zuwa wancan tana ƙyalƙyala dariya, ta leƙo ta taga ta kira kakarta, ta koma. Maza da mata suna tsaye a rana suna sauraron ƙafafunta. Norlela ta juya baya tana kuka.

Maimon ta bar ta ta yi gudunta har ta gaji, sannan ta ce a sauko da ita. Baharom ya sauko da ita, ya miƙa wa kakarta, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashi ya sa kafaɗa a gora. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Daga inda yake durƙushe yana hango ƙafafun Maimon da gefen zanenta, yana kuma jin muryar yarinyar tana cewa a mayar da ita, ba ta gama ba. Da aka ƙi, sai ta tambayi kakarta gidan waye wannan.

"Na wasu mutane ne," in ji Maimon. "Aro muka shiga. Kira salatin, Abang, rana tana yi."

Ya kira, muryar ta maƙale a rabi. Kawu Sudin ne ya ƙarasa masa daga gefe, maza suka amsa, suka ɗaga.